Gwiwar Taubashina

Na Allah ne mu, kuma gare Shi kowane mai numfashi zai tattara ya koma. Taubashina, ɗan goggona, wanda ya girme ni da damina huɗu, ya amsa kira ranar wata Talata da hantsi a gidansa da ke Kaura Namoda. Kafin azahar mun raka shi makwancinsa. Na sa hannu a makara, kuma ban taɓa ɗaukar babban mutum marar nauyi kamarsa ba, domin ciwo ya cinye rabinsa, likita kuma ya riga ya ɗauke ƙafarsa ta hagu tun daga tsakiyar cinya.

Kwana uku muna zaman makoki a ƙofar gidansa. Dangin mahaifinsa sun zo daga Zurmi mota biyu. Wani dattijo mai fataucin shanu ya taso tun daga Shinkafi, ya zauna, ya yi addu'a, sa'an nan ya naɗe hannun rigarsa ya nuna wa jama'a damtsensa.

"Wanga hannu da kuka gani, sa ya karya shi," in ji shi. "Mai ɗori yac ce ya ɗoru. Marigayi yaɗ ɗaga hoto ga rana yac ce ƙarya ne, a ɓalle a sake. Ran nan ba irin zagin da ban yi mashi ba. Ga shi yau da hannun nika kama igiya."

Can gefen tabarma akwai wani tsohon abokin aikinsa, Kirista, mutumin Kudu, wanda suka yi shekaru tare a ɗakin wanke hoto, yanzu yana da kantin magani kusa da tasha. Ya tuɓe takalmansa nesa, ya zauna yana share ido da hankici. Da aka taɓa shi da magana sai ya ce, "Oga bai taɓa cewa aikina ya yi kyau ba. Iyakarsa ya ce ba laifi. Ranar da ya ce ba laifi, nama nake saya wa iyalina." Mutane suka yi dariya ƙasa-ƙasa, irin wadda makoki yake yarda da ita.

Duk wanda ya gama gaisuwa kuwa sai ya juyo gare ni. "Sannu, Malam, ka yi zumunci. Kai ka raka shi ƙasar waje, kai ka zauna jinya." Ni kuma ina gyara zaman babbar rigata ina amsawa da cewa Allah Ya ba da lada.

A rana ta biyu na shiga cikin gida gaida mata. Babbar ɗiyarsa, wadda take aikin jinya a asibiti, ta biyo ni har bakin zaure, ta durƙusa, ta ce da murya ƙasa, "Baffa, abin ya ƙi barina. Da na rubuta wa asibitin ƙasar wajen da wuri sun turo hoton ƙafarsa, da Baba ya mutu da gwiwarsa."

Na ce mata, "Ƙaddara ce, ɗiyata."

Saboda wannan amsa nake wannan rubutu. Yarinyar nan ba ta yi sakaci ba. Ni na yi, kuma na bar ta tana ɗauke da kayan da ba nata ba. Amma kafin in kai ga nawa laifin, wajibi ne in faɗi wane ne mutumin da muka rasa, domin kada a manta da shi.

Mai ɗaukar hoton asibiti ne, tun zamanin da ake shiga ɗaki mai duhu a tsoma fim cikin ruwan magani a rataye shi ya bushe. Saboda haka nake kiransa Mai Duhu. Shi kuma yana kirana Mai Babbar Riga, domin tun ina ƙaramin malamin makaranta, har na zama hedimasta, har na aje aiki, ba a taɓa ganina a waje da 'yar shara ba. Tsakaninmu wasan taubasai ne tun muna yara: kowa na cewa shi ne ubangida, ɗayan bawa. Ban tuna ranar da muka yi magana ta minti biyar babu tsokana a ciki ba. A riƙe wannan, domin ta nan ɓarna ta shigo.

Yana da wata ɗabi'a ta ɗaga kowane abu ga haske. In aka miƙa masa shayi a kofin gilas, sai ya ɗaga ya duba. In matarsa ta sayo atamfa, sai ya ɗaga ta ga rana ya ce saƙar ba ta da yawa. Ba shi da daɗin baki, kuma ba zan ƙaga masa shi don ya mutu ba. Matarsa ta shekara arba'in tana yi masa tuwo bai taɓa cewa miya ta yi daɗi ba. In ya cinye ya yi shiru, ta san ta ci jarrabawa.

Rigimarmu mafi tsawo a kan hoto ce. Da na aje aiki, na je wajen mai hoto a kasuwa aka ɗauke ni da rawani, aka share mini tamojin goshi, aka haskaka fuskar, na sa a firam na rataye a zaure. Ya shigo ya tsaya gabansa ya daɗe.

"Wane ne wanga? Ƙanenka ne da anka ɓoye muna?"

Na ce, "Bawa ba ya sanin fuskar ubangidansa, don kullum kansa a ƙasa yake."

"A'a, Mai Babbar Riga. Hoto mai kyau daban, hoto mai gaskiya daban. Wanga in ka ɓace anka kai shi ga 'yan sanda, har abada ba a gano ka."

A gaban baƙi ya faɗa. Na yi fushin gaske, wata guda ban taka gidansa ba, shi kuma bai ba da haƙuri ba. Sai ranar wata Juma'a ya aiko mini da goro guda, fari, da saƙon cewa shi wannan ba a share masa tamoji ba.

Alherinsa a hannu yake, ba a baki ba. An ba ni labari cewa in tsohuwa ta zo ɗaukar hoto da sanyin safiya, sai ya fara ɗora tafinsa a kan farantin ƙarfen ya ɗumama shi kafin ya aza ƙafarta. Bayan ya aje aiki kuma sai ya ɗauki wata al'ada da ta ba mutane dariya da farko: yakan riga kowa zuwa masallaci ya zauna kusa da wurin alwala yana kallon ƙafafun tsofaffi. In ya ga yatsa ya canja launi, ko gyambon da ya ƙi warkewa, ko ƙafar da gashinta ya kakkaɓe tana sheƙi, sai ya tare mai ita bayan sallama. "Alhaji, tahi a auna maka suga. Jini ba ya kai wa ƙasa." Wasu su ji haushi, wasu su je. Mutum nawa ne a unguwarmu suke tafiya da ƙafa biyu yau saboda wannan kallon ƙafa, Allah kaɗai Ya sani.

Amma wanzami ba ya son jarfa. Shi ma yana da ciwon suga, kuma da ƙaya ta soke shi a babban yatsa, sai ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da duba ƙafafun mutane. Sai da wari ya tona shi.

'Ya'yansa suka shirya a kai shi wata ƙasa ta ƙetare, ni kuma aka zaɓe ni rakiya, domin ni ne mai ajiyar takardun dangi tun rasuwar iyayenmu. A can aka shigar da shi na'urar siti-sikan, bayan an yi masa allurar ruwan da ke haska jini a cikin jijiya. Tun kafin ya kwanta ya lura sabuwar iri ce, wadda ya sha karanta labarinta bai taɓa gani ba. Da ya fito, maimakon ya nemi keken da za a tura shi, sai ya nemi kujera kusa da matar da ke sarrafa na'urar. Ta ce ba a yi. Ya gaya mata da Turancinsa na tsofaffin ma'aikata cewa yana wannan aiki tun mahaifiyarta tana goye. Ta yi dariya ta jawo masa kujera. Ni kuwa na tsaya bayansu da babbar riga kamar ginshiƙi.

Hoton farko da ta fitar a kwamfuta sumul yake, gwanin kyau. Ya nuna mini jijiyoyin jini uku da ke sauka daga gwiwa zuwa idon sawu. Dukansu sun yi fari fat kamar sandunan alli. Ciwon suga yakan sa wani farin ɓawo mai tauri ya kama bangon jijiya, irin wanda yake kama cikin butar shayi. A wannan hoton ɓawon ya cika ko'ina, babu alamar hanya.

Ya girgiza kai ya ce mata ai ta shafe hoton da mai, laushinsa ya yi yawa. Ya roƙe ta ta sake gina shi da kaifi, ta kuma yanka shi siriri. Ta taɓa nan ta taɓa can, hoto ya sake fitowa, wannan karon kamar an watsa tsaki a kan baƙin zane, ba ka gane komai. Ya ce ta wuce wuri, ta ja baya kaɗan. Suka yi ta yi, gaba da baya, kamar masu daidaita gishiri a miya, har suka tsaya a wani matsayi da hoton yake da ɗan yashi-yashi amma gefen kowane abu ya tsaya cak. Farin ɓawon ya tsuke ya koma zobe. A tsakiyar zoben, cikin jijiyar da ke bin bayan ƙwauri, sai ga wani ɗigo. Suka bi shi yanki bayan yanki, yana nan, yana nan, har idon sawu.

"Zare guda," in ji shi da Hausa, ba tare da ya juyo ba. "Amma zare ne."

Da la'asar a masaukinmu ya yi mini bayani muna shan shayi, ko da yake ban tambaye shi ba.

"Na'urarmu ta da, awo takai. Haske ya ratsa jiki, ta tara shi ta auna da mudu. Wagga kuwa ƙirga takai, ƙwaya-ƙwaya, har ta san ƙwaya mai ƙarhi da marar ƙarhi. To amma ƙirga ba hoto ba ne, sai an gina. In ka gina shi da laushi, ido ya ji daɗi, sai dai ɓawon ga ya kumbura ya ruhe hanya, ka ce jijiya ta mutu alhali tana da rai. In ka cika kaihi, yashi ya cinye ka. Gwaninta tana tsakani, kuma tsakanin na ƙwauri daban da na ciki, don jijiyar ƙwauri ba ta kai tsinken tsintsiya biyu ba."

Na ce, "Duk wannan wa'azi a kan ƙafar bawa guda?"

"A kan gwiwa," in ji shi. "In zaren ga na nan, ko an zo yanka, ƙasa da gwiwa za a yanke, don akwai jinin da zai warkar da wurin. Mai gwiwa shina sa ƙahwar roba ya tai masallaci. Da gwiwa aka sujada, Mai Babbar Riga."

Likitocin can suka buɗe masa wata jijiya a cinya, suka cire yatsan da ya lalace, suka ce in wani abu ya taso nan gaba likitan gida zai iya, muddin ya ga hotunan. Ranar sallama aka ba mu abu biyu. Na farko babban ambulan ne mai ɗauke da fim, ƙafar gaba ɗaya da jijiyoyinta kamar rassan itace, irin ginin nan mai laushi. Na biyu faifan sidi ne a cikin 'yar jakar takarda, an yi rubutu a kansa da alƙalami mai kauri. Ya miƙo mini duka biyun.

"Wanga babban na ado ne, irin hotonka na zaure. Faifan shi ne ƙahwata. Ka riƙe shi kamar rawaninka."

Na yi dariya na ce bawa ba ya ba ubangidansa umarni. Ga inda na yi tuntuɓe. Shekara sittin duk abin da ya fito daga bakinsa zuwa kunnena tsokana ce, sai na ɗauki wannan ma tsokana, musamman da ya haɗa da hotona na zaure. Ban da haka, mu nan mun tashi mun ga hoton asibiti baƙi ne, babba, a cikin ambulan, ana ɗaga shi ga rana. Shi muka sani, shi muke girmamawa. Da muka dawo na shimfiɗa ambulan a ƙasan akwatina na ƙarfe tare da takardun gado, faifan kuwa na jefa shi cikin kwali tare da tarkacen faya-fayan bukukuwan makaranta.

Damina ta yi nisa, gero ya fitar da kai. Manomin da ke kula da gonata a Banga ya zo ya ce tsuntsayen jan-baki sun dame shi, ko ina da tsofaffin faya-fayai ya rataya a igiya, domin walƙiyarsu tana korar tsuntsu. Na ɗauko kwalin. Na ga faifan da idona, na gane shi, na juya shi a hannu. Na ce a raina, ai ainihin hoton yana cikin akwati. Na ba shi duka.

Ba a yi wata guda ba ƙafar ta tashi. Baƙi ya fara daga inda aka cire yatsa yana hawa. Muka kai shi babban asibitin birni. Likitan fiɗa, mutum mai natsuwa, ya ɗaga fim ɗin da na kawo da alfahari, ya duba, ya ce bisa ga wannan duk jijiyoyin ƙwauri uku a toshe suke. In ya yanke ƙasa da gwiwa wurin ba zai warke ba, sai an sake yanka. Na'urar da suke da ita a nan ba za ta nuna abin da ya fi haka ba.

Taubashina ya ce daga kan gado, "Likita, wanga hoton ado ne. Akwai faifai. Akwai zare guda ta baya har idon sawu, da idona na gan shi."

Likita ya ce in haka ne a kawo, zai iya riƙe ciwon da magani na 'yan kwanaki. Duk suka juyo gare ni. Na ce yana cikin akwati.

Washegari da sassafe na hau babur ɗin haya zuwa Banga, a lokacin da mutane ke tsoron wannan hanya, ban gaya wa kowa ba. Na tarar da igiyoyi a miƙe bisa gero, faya-fayai suna juyawa suna walƙiya. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har na same shi. An huda shi da ƙusa mai zafi don a zura igiya, rana da ruwa kuma sun ɓare azurfar bayansa. Na kai wa mai gyaran kwamfuta a Kaura, ya sa a na'ura, ya ce babu abin da ya rage.

A wannan rana ce ya kamata in buɗe baki. Ɗiyarsa ta kira ni a waya ta ce, "Baffa, in bai samu ba ka faɗa mini, in rubuta wa asibitin can su turo wani."

Na ce mata, "Ni za ki koya wa ajiya? Takardun kakanki suna hannuna tun ba a haife ki ba."

Ta ba ni haƙuri. Ita ta ba ni haƙuri.

Me nake jira? Na yi wa kaina wannan tambaya fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Ba na jiran komai. Kawai na kasa haɗa bakina in ce ni, hedimasta, mai ajiyar dangi, na rataya wa tsuntsaye ƙafar ɗan'uwana. Yau in ce makullin akwati ya ɓace, gobe in ce ina duba ɗakin uwargida. Kwana tara na yi ina wannan. A na taran na ce ban gan shi ba, wataƙila a filin jirgi ya salwanta. A daren ranar ɗiyarsa ba ta kwanta ba sai da ta rubuta wa asibitin can. Bayan kwana biyu zazzaɓi ya rufe shi, baƙin ya haura, likita ya ce jira ya ƙare, in ba haka ba rai za a rasa. Aka yanke daga cinya.

Kwana huɗu bayan yankan hotunan suka iso ta wayarta. Kwana shida ke nan daga ranar da ta rubuta. Ni kuwa na ci tara.

Ta so ta ɓoye masa, ya ce ta kawo. Ta ɗora masa kwamfuta a ƙirji, ya sa tabarau, ya ce ta wuce masu laushin ta buɗe mai yashi. Ya yi ta gangarawa da yatsa, yanki bayan yanki. Sai na ga fuskarsa ta washe, irin washewar da ban gani ba tun kafin ciwo.

"Kun gani? Ga ta nan. Ga ta nan har ƙasa. Matar nan ta iya aiki." Sa'an nan ya ƙara da cewa, "Ba laihi."

Yana yabon hoton ƙafar da aka riga aka binne. Likita ya zo ya duba ya daɗe, kuma da yake mutumin kirki ne bai yi kwana-kwana ba. Ya ce da ya ga wannan, da ya gwada ƙasa da gwiwa. Ko za ta warke ko ba za ta warke ba, Allah Ya sani, amma da ya gwada. Ɗiyar ta fita waje da sauri. Ni na tsaya ina kallon bango.

Ya dawo gida a keken guragu. An gwada masa ƙafar roba mai haɗe da gwiwar ƙarfe, ta fi ƙarfin tsufansa, aka jingine ta a lungu. Masallaci ya gagare shi sai ran Juma'a in an sami masu turawa. Yana salla a zaune, yana sunkuyar da kai a madadin sujada. Bai taɓa kuka da wannan a gabana ba, sai dai na ga yadda yake kallon goshin mutane in sun fito daga masallaci da ƙasa a kai.

Wata rana da hantsi, bayan kaka, muna zaune mu biyu a zaurensa, ya ce, "Geron Banga ya yi kyau bana?"

Na ce ya yi.

"Ai dole. Tsuntsayen Banga sun ga abin da likitan birni bai gani ba."

Ashe manomin nan ya zo duba shi tun yana asibiti, kuma cikin hira, ba da wata manufa ba, ya ba shi labarin yadda na zo gona a gigice ina bin igiya. Tun ranar ya sani.

Na sauko daga kujera, ni da ban taɓa durƙusa masa ba ko a wasa. Na ce ya yafe mini.

"Tashi, kana ɓata riga. Faifan na yahe tun ran da niji, don jahilci ne, kuma da laihina: wanda ya saba yi maka wasa, ran da yaz zo da gaskiya ya kamata ya canja murya. Kwana taran ma na yahe, ko da yake sun hi wuya. Ba ni ce maka da ba a yanke ba, ban sani ba. Amma da an gwada." Ya gyara zanen da ke rufe da dungun. "Saura abu guda, shi kuwa ba nawa ba ne balle in yahe. Yarinyar ga tana ganin ita ta yi sakaci. Na ce mata ba ita ba ce, ta ɗauka lallashi ne. Ni ba ni tona ka ga ɗiyata. Kai za ka hwaɗa mata da bakinka."

Na ce zan faɗa.

Wata bakwai ya rayu bayan wannan. Duk ranar da na je gaishe shi, in zan tafi sai ya ce, "Mai Babbar Riga, har yanzu?" In ce ina neman lokacin da ya dace. Ranar Litinin, jajibirin rasuwarsa, bai tambaye ni ba. Ya dube ni kawai, irin duban da yake yi wa fim, ya juya fuska.

Bayan addu'ar bakwai, da jama'a suka watse, na aika a kira mini ɗiyarsa zaure. Ta zo ta durƙusa. Na fitar da faifan daga aljihun babbar rigata, inda ya kusa shekara yana bina ko'ina, na aje a gabanta. Na faɗa mata komai yadda na rubuta shi a nan, ban rage ba: kwalin, gonar, ƙusar, wayar da ta yi mini, da kwana tara.

Ta ɗauki faifan ta sa ɗan yatsa a hudar. Sai ta tambaye ni.

"Baba ya sani?"

"Ya sani."

"Me ya ce?"

"Ya ce in faɗa miki."

"Yaushe?"

"Wata bakwai ke nan."

Ta ɗago ta dube ni, abin da ba ta taɓa yi ba tun tana ƙarama. "Ranar nan a bakin zauren nan na gaya maka abin ya ƙi barina, Baffa. Ka ce mini ƙaddara ce."

Ta ɗaure faifan a gefen mayafinta, ta miƙe, ta shiga cikin gida. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Yau kwana ashirin ke nan. Da can duk ranar Asabar takan biyo ta gidana ta auna mini jini ta duba ƙafafuna, kamar yadda mahaifinta ya koya mata. Asabar uku sun wuce ina shimfiɗa tabarma a zaure, a ƙarƙashin ƙusar da na sauke hoton nan nawa daga kanta. Ba ni da bakin da zan ce ta yi sauri. Ni na koya mata jira.

Jama'ar da suka yi mini sannu da zumunci, ga abin da kuka yi wa sannu. Wanda ya cancanci addu'arku yana ƙasa.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa mai duba ƙafafun bayinKa a bakin masallaci. Ka haskaka masa kabari, shi da ya yi rayuwarsa a ɗaki mai duhu don wasu su gani. Ka sanyaya zuciyar ɗiyarsa, ko da ba ta waiwaye ni ba. Ranar da za Ka tashe mu kuma, Ka tashe shi da gwiwoyinsa biyu, ya kai goshinsa ƙasa.